Kwana Tara Marke Bai Yi Magana Ba

Na ɗaure ido a jikin marke,
can gaɓar Gaji, inda ɓauna ke sauka shan ruwa.
Idon roba ne, launin busasshen ganye,
da layi a cikinsa irin na wayata.
Duk abin da ya gifta sai ya ƙyafta,
ni ina Mainamaji, kan tabarma,
aljihu ya yi ƙara, in ga wanda ya kwana da ƙishi.

Gwanki da asuba.
Mugun dawa da 'ya'ya uku, wutsiyoyi a miƙe.
Wata rana ƙafar mutum cikin takalmin taya,
wannan ofis na kai shi.

Ranar wata Laraba ya yi gum.

Na ce ko data ce ta ƙare.
Tanimu ya ruga shagon Bappa Sale,
muka loda, saƙo ya ce an karɓa.
Shiru.
Na ce ko sabis ne, hadarin Talata ya yi ɓarna,
amma wayar kowa na kuka har ƙuryar ɗaki.
Yaron ya goge manhaja ya sake saukewa,
ya kashe, ya kunna, ya hura kamar mai tada garwashi,
ya ce, Baba, ciwon ba a nan yake ba.

Dare na takwas ban runtsa ba.
Takalmin taya ya yi ta yawo a kaina.
Na ga wuƙa a kan igiya,
na ga idona a kasuwar Alkaleri
shanye tsakanin matattun rediyo da tocila.
Azumi ta ce, ko bara da akuyarka ta ɓata
ba ka bar tuwo a kwano ba.

Na hau babur har inda hanya ta ƙi,
sauran na taka,
batura takwas a aljihu, sukuddireba, tsumma,
da eriyar wata tsohuwar kyamara da ta riga mu gidan gaskiya.

Yana nan.
Ƙullin da na yi, shi na tarar.
Na buɗe murfi, batir da sauran ƙarfinsa.
Na zare layi, na goga a hannun riga, na mayar.
Cinnaku sun kama haya a wani lungu,
na tashe su, suka biya ni a yatsa.
Sai na ɗaga kai.
Eriya babu.
Guntun gindinta kawai, da shatin haƙori.

Na sa memori a waya, na zauna a inuwa.
Ashe bai makance ba, bakinsa aka ɗauke.
Hoto ɗari bakwai,
ɗari biyar ciyawa ce ke rawa da iska.
Ga na Laraba: hanci, jajayen idanu,
gwaggon biri ya cika allo kamar mai neman fasfo.
Na gaba, sararin sama.
Na gaba, ga shi can yana tafiya,
eriyata a bakinsa kamar asuwaki.

Na yi ta turawa da babban yatsa
har daren Asabar, biyu da kwata.
Giwar nan mai karyayyen haure,
wadda muka yi wata bakwai ba mu ga sawunta ba
har mun daina ambatonta a ofis,
ga ta tsaye cikin ruwa.
Ƙarƙashin cikinta wani ɗan abu
bai ma san yadda ake riƙe hanci ba.
A wannan sa'ar ina juyi kan tabarma,
ina tsine wa ɓarawon da bai zo ba.

Na ɗaura tsohuwar eriya,
na shafe ta da giris da dakakken barkono.
Na ja baya taku biyar, na ɗaga hannu.
Na jira.
Ƙudan tsando ya sha rabonsa a wuyana.

Aljihu ya yi ƙara.

Wani dattijo ne, furfura har gira,
baki buɗe, hannu sama kamar wanda aka ritsa.
Na daɗe ina kallon wannan dabbar.

Can saman kanya wani ya yi tari.
Ban waiwaya ba.
Na san shi, ina da hotonsa.